Wasiƙa daga Gadarif ta ƙasar Sudan zuwa Jidda

Ɗana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mahaifiyarka tana gaishe ka da mai ɗakinka da yara. An gama yankan riɗi, gari ya cika da ƙura da 'yan ƙwadago.

Saƙonka ya iso, cewa za ka aiko da kuɗin keken ɗinki mai lantarki da firji. Allah ya yi albarka. Firjin ku ƙarata da mahaifiyarka, ko da yake randarta da ke ƙarƙashin bishiyar maina ba ta taɓa ba mu ruwan zafi ba; tana tsattsafowa, iska na busar da ita, ruwan na yin sanyi, ba ruwanta da mai kawo wuta. Keken kuwa, ka bar shi. Nawa na ƙafa ya girme ka. In igiyarsa ta tsinke, sai in huda fatar in haɗa da guntun waya. In ya fara tsallake ɗinki, na san allura ce ko kwarkwaro, ɗigon mai biyu ya koma daidai. Sallar da ta wuce, masu na lantarki suna zaune suna kallon kwan fitila, ni kuwa ina ta zuba jallabiyoyi, dutsen guga na gawayi yana gefe yana jira.

Kai na fi ji. Lokacin da aka ɗauke layukan waya da intanet a Fabrairun 2024, kana can, labari kawai ka ji. Mu mun ga mutum da kuɗinsa cike a manhajar banki, ya kasa sayen kwanon dawa. Abin da ya fi ba ni tausayi, 'yan gudun hijira daga Wad Madani waɗanda aka ƙwace wa waya a hanya, ka tambaye su lambar ɗan'uwa ko ɗaya, babu ita a ka. Mai shagon unguwarmu littafin bashinsa ya ɗauko, da shi aka ci abinci. Rediyo mai batir kuma shi ya gaya mana halin da ƙasa ke ciki.

Ban ce ka jefar da wayarka ba. Na san a Saudiyya iƙama, wato takardar izinin zama, da albashi da izinin shiga Rauda duk a cikinta suke, kuma da ita nake jin muryarka. Tsabar kuɗin ma ba ta da amana, ga shi a ƙarshen 2024 an canza mana takardun fam 500 da 1000, muka sha layi. Amma ka sayi littafi mai kauri, ka rubuta lambobinmu da biro, da bashin da kake bi da wanda ake bin ka, har da sunan shaida. Ka haddace lamba uku. Takardunka ka yi musu kwafi, ka sa a leda a ƙasan akwati, mai ɗakinka ta san wurin.

Sai maganar yara. An ce da sun yi kuka sai a miƙa musu waya, har Fatiha a can suke ji. Ji daban, riƙewa daban. Yaron da ya rubuta aya da alƙalamin kara, ya wanke, ya sake rubutawa, hannunsa ma ya haddace ta. Kai haka ka yi, kana kuka da majina, yau kana jan mutane salla. Na sa an sassaƙa alluna biyu, mahaifiyarka ta dafa tawada da ƙaro. Maƙwabcinmu zai tafi Umra ta Port Sudan, zai kira ka in ya sauka. Ka je da kanka ka karɓa, kada kwalbar ta zube masa a kaya.

Mahaifinka