Kada a bari 'yan gwangwan su ƙarar da tsofaffin Fijo 504

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan tsofaffin motocin Fijo 504 da ke jibge a gidajenmu, da kuma yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya tayar da su a cikin gidansa, ya ƙara musu abin da zamani ya zo da shi ba tare da ya lalata su ba. Da wuya ka zaga wata tsohuwar unguwa a Kaduna ko Zariya ko Kano ba ka ga ɗaya a gindin darbejiya ba, tayoyinta sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Idan mai ita ya rasu aka zo rabon gado, abin da ya fi sauƙi ga magada shi ne su kira 'yan gwangwan, a yanka ta da wutar walda a ɗora a sikeli, a biya su kuɗin ƙarfe. A ganina wannan asara ce da muke yi da hannunmu, kuma da yawa daga cikin waɗannan motoci ba su kai matsayin yanka ba.

Matasa da dama ba su san cewa wannan mota tamu ce ta wata fuska ba. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, ta kuma ci lambar motar shekara ta Turai a 1969, amma daga 1975 aka shiga harhaɗa motocin kamfanin a masana'antar da ke Kakuri a Kaduna, kuma akwai lokacin da ta jirgin sama ake kawo kayan haɗin daga birnin Liyon zuwa Kano, sannan a ɗauko su zuwa Kaduna. Turawa sun daina ƙera salun ɗinta tun 1983, mu kuwa muka ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000, domin babu motar da ta san hanyoyinmu kamarta. Ita ce motar manyan ma'aikatan gwamnati, doguwarta ce ke jigilar fasinja daga tasha zuwa tasha, akori-kurarta kuma ita ce ke kai buhunan hatsi kasuwannin ƙauye. A gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya, wadda ake yi a kan hanyoyin burji da taɓo, 504 ce ta zo ta ɗaya a 1975.

Dalilin da ya sa na ce gyaranta a gida mai yiwuwa ne shi ne, babu wani ɓoyayyen abu a jikinta. Ba ta da kwamfutar da sai an jona na'ura kafin a san ciwonta. Kabureta ce da distributa da filogi huɗu, kuma idan ka buɗe bonet akwai sararin da hannu zai shiga ko'ina. Har yanzu ana samun kayanta a Panteka ta Kaduna da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sababbi da na hannu, kuma kayan ƙanwarta 505 da yawa suna shiga jikinta. Abin da ya fi wannan muhimmanci, tsofaffin kanikawan da suka yi rayuwarsu a ƙarƙashinta suna nan da ransu, ko da yake kullum raguwa suke yi, yaransu kuma sun koma kan motocin Japan.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda akasarin masu sha'awar wannan aiki suke fara shi ta baya. Da zarar mota ta tashi, sai a garzaya wurin mai fenti, a sayo manyan rim masu ƙyalli, a cika but da sifiku, alhali ba a taɓa leƙa ƙarƙashinta ba. Wannan daidai yake da mutum ya yi wa ɗaki shafe da farar ƙasa bayan gara ta gama cinye azarar rufinsa. Aikin farko shi ne a cire kujeru da kafet gaba ɗaya, a ɗaga motar, a bi ƙasanta da tsinin sukundireba ana dannawa: wurin da direba da fasinja ke sa ƙafa, dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, saman wurin da shokazoba ta gaba ke ɗaure, ƙasan but, da gefen gilashin gaba inda roba ta bushe ruwan damina ya riƙa tsiyaya shekara da shekaru. Mu a Arewa muna da sa'a, domin busasshiyar iska ba ta cin ƙarfe kamar iskar bakin teku, don haka motar da ta tsufa a Katsina ta fi wadda ta tsufa a Legas lafiyar bodi nesa ba kusa ba. Duk da haka, wanda zai sayi irin wannan mota ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu ya riƙa manna shi a jikinta, domin duk inda ya ƙi kamawa, to fila ce aka lafta a kan rami aka bi da fenti. Wurin da tsatsa ta huda ba shi da magani sai a yanke shi a walda sabon ƙarfe, kuma kafin mai walda ya kunna wuta dole ne a sauke tankin mai a fitar da shi daga gidan, domin tankin da babu mai a cikinsa sai tururi ya fi cikakke haɗari.

Injin kuwa yana da wata ɗabi'a da ya kamata duk mai kwance shi a gida ya sani tun kafin ya ɗauki sifana. Bututun da fistan ke kaiwa da komowa a cikinsa, wanda kanikawa ke kira silif, ba a haɗe yake da gangar injin ba. Zura shi ake yi, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi, kuma kan silinda, wato murfin da ke rufe saman injin, shi ne ke danne shi a mazauninsa. Amfanin wannan tsari babba ne, domin idan inji ya gaji ba sai an kai shi an faɗaɗa ramukan fistan ba, ana zare tsofaffin silif da fistan ne a zura sababbi, inji ya dawo sabo. Amma idan aka kwance kan silinda aka fizge shi sama kai tsaye, ko kuma aka juya karanshaf bayan an cire shi ba tare da an danne silif ɗin da kusoshi da manyan wosha ba, za su motsa daga mazauninsu, abin da ke toshe gindinsu ya lalace. Mai aiki ba zai ga komai a ranar ba. Sai bayan an haɗa an tayar, ya zaro sandar gwada baƙin mai ya ga ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, wato ruwa ya gauraya da mai, aikin kuma ya koma farko. Shi ya sa tsofaffin kanikawa ke girgiza kan silindar gefe da gefe har ya saki kafin su ɗaga shi, kuma idan sun zo ɗaurewa suna bin kusoshin daki-daki daga tsakiya zuwa gefe da sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri.

Kan silindar nan na alminiyam ne, kuma zafi ne babban abokin gabarsa, domin idan inji ya tafasa sau ɗaya ko biyu yakan lanƙwashe, gaskit ya ƙone. A nan ina da saɓani da wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejinmu, wato cire tamostat a jefar da sunan wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Tamostat mai lafiya ba ya sa inji ya tafasa. Aikinsa shi ne ya sa inji ya ɗumama da wuri sannan ya tsaya a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kuma injin da ke yawo a sanyaye, musamman da safiyar hunturu, ya fi shan mai ya kuma fi saurin cinyewa. Idan mota tana zafi, a nemi dalilin a lagireton da ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko a famfon ruwa, ko a fankar da ba ta kamawa. A wanke lagireto ko a sake masa ciki, a daina zuba masa tsurar ruwan burtsatse, a sa ruwan sanyaya inji na gwangwani wanda ke hana alminiyam ruɓewa.

Birki ba ya buƙatar dogon bayani. Motar da ta yi shekaru a ajiye, duk wata roba da ke cikin birkinta ta mutu ko da ba a ga tana yoyo ba, man birkin ma ya sha ruwa, don haka a sake su gaba ɗaya tare da tiyo-tiyon roba da ke zuwa ƙafafu, kuma kada motar ta hau titi kafin a gama wannan.

Game da ƙara mata kayan zamani, ni ba na cikin masu cewa kada a taɓa komai. Giyabos mai giya biyar na 505 yana zama a jikinta, kuma duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Kano da giya huɗu yana jin inji na kururuwa ya san darajar giya ta biyar wajen rage ƙara da shan mai. Haka nan cire kwantak set, wato ƙarfunan da ke buɗewa da rufewa a cikin distributa domin ba filogi wuta, a sa na'urar ba da wuta ta lantarki yana raba mutum da yawan saiti da wahalar tashi da safe. Ya dace a kira ƙwararren rewaya ya sake tsofaffin wayoyin da suka bushe, ya sa wa manyan fitilu rile, wato ɗan makunnin da ke kai musu wuta kai tsaye daga batir, domin haskensu ya ƙaru, a kuma sa bel mai kyau a kujerun gaba da na baya. Duk waɗannan gyare-gyare ne da ba sa canza kamannin motar, kuma wanda ya ga dama zai iya mayar da ita yadda take.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yanka mazaunin inji domin a cusa injin wata motar Japan da aka sayo a kasuwa ba tare da lissafin nauyinsa ko ƙarfin birkin da zai tsayar da shi ba. Na san hujjar masu yin haka, cewa injin zamani ya fi tattalin mai, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai akasarin irin wannan aiki da nake gani yana ƙarewa ne da wayoyi a warwatse, da sandar da ke kai ƙarfi ƙafafun baya wadda aka yanke aka walda ta a karkace, mota tana kakkarwa da zarar ta ɗauki gudu. Haka batun rim yake. Tazarar kusoshi huɗu na ƙafar 504 ta bambanta da ta yawancin motoci, sai ka ga an ɗauko rim na wata mota an faɗaɗa ramukansa da dirila domin ya shiga dole, kuma irin wannan ƙafa ce ke ficewa ana cikin tafiya. Wanda kuma ya canza inji ko launin mota, ya je ofishin lasisi a gyara masa takardu, kada ya jira sai jami'an hanya sun tsayar da shi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambayar da kowa ke yi ita ce ko wa zai iya ciyar da injin lita biyu mai kabureta. Tambaya ce mai ma'ana, kuma amsarta ga wasu ita ce mayar da motar mai amfani da iskar gas ta CNG, abin da injin kabureta ke karɓa cikin sauƙi, but ɗinta kuma yana da wurin tukunya. Amma wannan shi ne aiki guda da nake roƙon kada kowa ya yi shi a gida. Ana matsa wannan gas da ƙarfin da ya kai bar 200 a ma'aunin matsin iska, wanda ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, kuma tukunyar da mai walda ya haɗa ba za ta ɗauke shi ba. Mun ji abin da ya faru a wani gidan gas a birnin Benin a watan Oktoban 2024, inda irin wannan tukunya ta tarwatse ana cikin ɗura mata gas. A kai motar wurin waɗanda aka tantance, kuma a tabbatar akwai gidan gas kusa kafin a kashe kuɗin.

Tun da a cikin gida ake aikin, inda yara ke wasa, kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko kan bulo wanda ke iya farfashewa ba tare da gargaɗi ba. A samu matokaran ƙarfe ko kututture mai ƙwari. Tsohon baƙin mai a tara shi a jarka, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya. Feshin fenti kuma a bar wa masu wurinsa, domin tururinsa yana illa ga huhu. Ta fuskar kuɗi, kada wani ya shiga wannan aiki da tunanin zai sayar ya ci riba, don sau da yawa abin da za a kashe ya fi abin da kasuwa za ta biya. Mai albashi ya raba aikin wata-wata, ya riƙa sa kusoshin kowane sashe a leda daban da rubutu a jiki, ya kuma ɗauki hoto da waya kafin ya kwance komai.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka tura wakilanka su zauna da tsofaffin kanikawan Fijo da tsofaffin ma'aikatan masana'antar Kakuri, a rubuta abin da suka sani da Hausa, a riƙa bugawa ko da sau ɗaya ne a wata. Ina kuma kira ga kwalejojin fasaha da ke jihohinmu da su riƙa sayen irin waɗannan motoci daga hannun magada a kan farashin da ya ɗara na 'yan gwangwan, su ba ɗalibai su kwance su haɗa, domin injin da ake ganin komai nasa a fili ya fi dacewa da mai koyo. Magadan da ba su da halin gyara kuwa, su yi cigiyar mai so tukuna kafin su kira mai sikeli.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Kaduna.