Sanarwar zaman ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan'uwa mata. Asabar mai zuwa bayan La'asar za mu haɗu a gidan Hajiya shugaba, Unguwar Rogo. Mun gayyato likitar ƙwaƙwalwa ta yi mana bayani kan ɗaukewar al'ada, wadda kan zo tsakanin shekara 45 da 55: gumin dare duk da sanyin Jos, rashin barci, saurin fushi, ga kaɗaici in an aurar da yara. Ba kowane abu ne sammu ba, wani abin zama da ƙwararre yake so.

Kowacce ta turo naira 1,000 kafin Alhamis. Mai jin nauyi ta rubuto tambayarta ba suna. Don Allah ban da naɗar murya.

Allah ya ba da ikon zuwa. Sakatariyarku.