Zuwa ga abokan cinikinmu, kan ƙarin kuɗin ɗinki da jinkirin kaya

Assalamu alaikum. Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, ƴan'uwa da abokan arziki, muna gaida ku da fatan kuna lafiya da iyali.

Magana ta iso mana cewa ana faɗi a gidajen biki wai shagonmu ya yi tsada, wai mun samu suna mun fara ɗaga kai. Abin ya yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu. Gaskiya ne ɗinkin riga da wando na maza ya tashi daga jika 7 zuwa jika 9, na mata ma ya ɗan motsa. Gaskiya ne kuma wasunku sun zo karɓar kaya ranar alkawari sun koma hannu rabbana. Amma wallahi ba kwaɗayi ba ne.

Kun san tun bayan watan Yuli na 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil ta kan iyakar Benin. Da can yadinmu ta Kwatano yake sauka, tafiyar kilomita kusan 1,000 ya iso Yamai. Yanzu sai ta Lome, ya ratsa Burkina, ya biyo Kaya da Dori da Tera, kuma kamyo ba ya tafiya shi kaɗai, sai an tara ayari sojoji sun raka. Dilan da muke sarin shadda da yadin tenu a wurinsa ya ce mana kayansa suna hanya, muka jira, ya sake cewa suna hanya. Da suka iso, kuɗin mota da na kwanan direba da na ajiya duk ya ɗora su a kan bandir, ga duwan, ga harajin TVA 19 bisa ɗari. Mu ba mu da jarin da za mu yi odar kwantena da kanmu, abin da ya yanka mana shi muke biya.

Wasu sun ce mana, to ai ga riguna nan ɗinkakku a Babbar Kasuwa da Wadata, na Sin da Turkiyya da abayoyin Dubai, kuɗin rigar gaba ɗaya bai kai kuɗin yadinmu ba. Haka ne. Su a masana'anta ake yanka dubbai lokaci guda, a garin da ake saƙa yadin. Mu kuwa muna sayen yadin da ya sha hanya ya sha haraji, sannan mu biya tela, mu biya mai surfani, mu sayi zare da zif da maɓalli, su ma duk daga waje ake kawo su, mu zuba esansi a gurup in wuta ta ɗauke. A duwan ba a sassauta wa yadi don za a ɗinka shi a gida mutane su samu aiki. Ga gwanjo a gefe. Ga kuma kayan Kano: tun da naira ta faɗi aka kuma buɗe iyakar Najeriya a Maris na 2024, kaya daga Kantin Kwari suna shigowa ta Konni da araha. Ba mu ƙi kowa ya ci abincinsa ba. Amma ku juya irin rigar nan ku duba cikinta, ku ga ko an bar ƙari a kabu yadda in yaro ya girma za a saki. Namu muna bari, muna kuma jiƙa yadin auduga kafin almakashi ya taɓa shi don kada ya tsuke bayan wanki.

Wani dattijo da muke girmamawa ya ce mu koma yadin gida mana. Baba, da so samu ne. Wace masana'anta? Manya sun tuna atamfar Sonitextil, wadda ta koma Enitex, ta nan cikin Yamai, yau babu ita a kasuwa. Atamfar Uniwax ta Abijan tana da sauƙin shiga saboda tsarin UEMOA, ƙungiyar ƙasashenmu na Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, in da takardar shaidar inda aka yi ta, amma ita kanta ba ta talaka ba ce. Tera-tera kuwa muna alfahari da shi, muna sa shi a wuya da hannun riga, muna ɗinka wa masu so. Sai dai saƙar hannu ce, ƙwarya-ƙwarya ake haɗawa, masaƙi ba zai ba ka abin da za ka tufatar da ɗaliban lakwal guda kafin a koma karatu ba.

Akwai kuma abin da yawancinku ba ku sani ba. A shekarar 2000 Amurka ta yi dokar AGOA, wadda ta bar tufafin da aka ɗinka a ƙasashen Afirka su shiga kasuwarta ba haraji, har da sassaucin cewa ƙasashe marasa ƙarfi ko daga Sin ko Indiya suka sayo yadin ba laifi, in dai a gida aka yanka aka ɗinka. Kenya da Lesotho da Madagaska ne suka ci moriyarta sosai da manyan masana'antunsu. Mu ɗan rabonmu wani ɗan ƙasa ne mai shago a can Amurka, da yake ɗaukar kaftani da dogayen riguna a kwali. Wannan odar ce take riƙe mana keke biyu lokacin da kasuwa ta yi sanyi, ita ce ta sa muka daɗe ba mu taɓa farashinku ba. Daga 1 ga Janairu 2024 aka cire Nijar daga tsarin, shi kuma ya ce lissafi ya daina fita.

Muna nan muna neman mafita. Muna magana da wasu dilolin, akwai kuma shirye-shiryen da ba mu so mu faɗa kafin su nuna. In Allah ya yarda za ku ga canji.

Hajiyarmu ta Bukoki, mu muka ɗinka kayan lefen ƴarki, yau ga mu muna auna jikokinki. Malam mai lakwal na Talaje da ya ba mu aikin tenu tun muna da keke ɗaya a rumfa. Ƙungiyar matan Lazare da ba su taɓa kai ankonsu wani wuri ba, da ƴan'uwanmu na Tawa masu aiko da awo ta WhatsApp su karɓi kaya a tasha. Littafin awonku yana nan, wasu shafukan har sun yi ja don tsufa. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami a tsohon farashi, a haka za mu ɗinka masa. Mai yadinsa a hannu ya kawo da wuri, musamman na sallah. Wanda kuma yake da ƙorafi, don Allah ya zo shago ya same mu mu zauna, kafin ya kai maganar waje.

Naku,
mai shago da dukan teloli,
Wadata, Yamai