Zuwa ga 'yata, kan maganar rabin maki

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, da aiki, da mutanen gidan Gwaggonki. Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafar Mamanki da ta taso da sanyin nan.

Na zaɓi in rubuto ne domin a waya kin iya cewa "to Baba" ki rufe zance. Magana ta iso ni, kada ki tambayi daga bakin wa, cewa tun da sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ya fito kika ga 6 a ɓangaren rubutu, kina hulɗa da wani ejan da ya ce zai ɗaga miki makin in kin biya. Har an ce kuɗin da kika nema a wurina watan jiya na wannan ne. Tun da na ji, barci ya ƙaurace mini.

Hukumar NMC, mai ba nas-nas lasisin aiki a Birtaniya, tana neman 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu. Ukun can kin ci su da guminki. Rabin maki ya rage, shi za ki saya da sunan gidan nan?

Na koyar da Turanci tun kafin a haife ki, bari in gaya miki abin da lambobin ke nufi. Akwai ma'aunin iya harshe da Majalisar Turai ta fitar a 2001, ana ce masa CEFR, mai matakai shida: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Kada ki haɗa shi da na WAEC inda A1 ne ƙololuwa. A nan mai A1 gaisuwa da gabatar da kai kawai ya iya. Mai B2 yana hira ba tare da wahala ba, yana gane jigon rubutu mai nauyi a fanninsa, kuma kusan 5.5 zuwa 6.5 ke nan a IELTS. Mai C1, wato 7 zuwa 8, yana gane har abin da aka nufa ba a furta ba. Shi ya sa suke neman wannan daga nas. Ƙarfe uku na dare tsohuwa za ta ce miki, da karin harshen ƙauyensu, wai ba ta ɗan jin daɗi, alhali zuciyarta ce ke neman tsayawa. Abin da kika rubuta a fayil ɗinta shi mai karɓarki zai bi da safe. Wannan rubutun ne kike so a ce kin ƙware a kai ba ki ƙware ba.

Kuma ana kamawa. A 2014 BBC ta bankaɗo maguɗi a wata jarrabawar Turanci mai suna TOEIC, gwamnatin Birtaniya ta soke bizar dubban ɗalibai, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. A 2023 ita kanta NMC ta binciki wata cibiya a Ibadan da ake yin jarrabawar nas-nas a kwamfuta, ɗaruruwan 'yan Najeriya suka shiga uku, wasunsu suna tsakiyar aiki a asibitocin can. Ina hango ki an kira ki ofis, an karɓe lasisi, kin dawo kina sunkuyar da kai a layin nan. Wannan hoton ne ya ƙi fita daga idona. Mun ga yadda Kawunki ya ƙare, ke ma kin gani, ba sai na maimaita ba. Wallahi da a ce mini kin tafi da takardar ƙarya, gara ki tsufa a asibitin da kike. Ba don haka na rabu da gonar bakin rafi ba. Kina cewa na hana ki kuɗi don ba na son tafiyarki. Da ba na so, wa ya tsaya miki gaban baffanninki?

Na san kin gaji, 'yata. Kwana a bakin aiki, a wayi gari da littafi, ga kuɗin jarrabawar ba kaɗan ba, ga ƙawayenki suna turo hotuna daga can. Ban raina wannan ba.

Rubutun awa ɗaya ne: bayanin jadawali a kalma 150, sai muƙala mai kalma 250. Ki riƙa yin guda kowane mako da agogo a gabanki, ki ɗauki hotonta ki turo wayar ƙaninki, in duba miki da jan biro kamar da. Akwai kuma OET, wadda aka tsara don ma'aikatan lafiya, NMC tana karɓarta, rubutunta wasiƙa ce kan majinyaci, aikin da kike yi kullum. Duk wadda kika zaɓa, kuɗin rajista na wuyana in an sayar da shinkafa.

Ki goge lambar mutumin nan yau. Ranar Juma'a ki kira ni, ina so in ji daga bakinki. Mamanki ba ta sani ba, kuma ban yi niyyar gaya mata ba. Allah ya yi miki albarka.

Babanki