Wasiƙa zuwa ga ɗana kan ƙwayoyin barcin Inna

Damagaram

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiyar Allah. Saƙon da ka ba direba ya iso, Allah ya yi maka albarka. Amma na ga kwalin Lexomil a cikin kayan, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so ka daina aiko wa kakarka da wannan magani.

Na san tausayi ne ya sa ka. Duk sanda ka kira ta sai ta ce ba ta runtsa ba, kai kuma ranka ba ya iya ɗauka. To amma kada garin neman gira a rasa ido.

Lexomil, sunansa na asali bromazepam, dangi ɗaya ne da diazepam, wato Valium, wanda masu tallar magani ke yawo da shi a tire. Duka suna kwantar da ƙwaƙwalwa, su saki jijiyoyi, su rage kuzarin da mutum ke tare kansa da shi in ya yi tuntuɓe. Jikin tsoho kuwa ba ya fitar da magani da sauri, domin hanta da ƙoda sun rage ƙarfi. Ka ɗauki diazepam: saurayi ɗan shekara 20, cikin awa 20 ko makamancin haka rabin maganin ya bar jininsa. Mai shekara 80 sai ya kai kwana uku zuwa huɗu. Ka ga ƙwayar yau tana tarar da ta jiya ba ta fita ba. Shi ya sa kake jin muryar Inna da nauyi ko da hantsi.

Ka tuna yadda gidanmu na Birni yake. Daga ɗakinta zuwa makewayi sai ta tsallaka dokin ƙofa, ta ratsa tsakar gida, ga ƙasa ba daidai ba. Takan fita fitsari cikin dare, sau da yawa babu wuta. Da asuba kuma ba mai hana ta alwala, buta a hannu, ƙasa a jiƙe, ƙafa ɗaya a sama tana wankewa. Mace mai shekarunta, da magani a ka, a wannan wuri. Abin da ke hana ni barci ke nan. Ƙashin tsohuwa ya riga ya yi taushi, faɗuwa ɗaya ta isa ta karya ƙugu, kuma karayar ƙugu ba aikin maɗori ba ce, sai tiyata. Na ga tsofaffi da dama a unguwar nan da suka kwanta ta haka, daga nan sai gyambon kwanciya da ciwon ƙirji, ba su ƙara takawa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. A Amurka, tun 1991 wani likita, Mark Beers, ya jera magungunan da ba su dace da tsofaffi ba, har yau ana sabunta jerin, kuma dangin Valium suna ciki. Ba su kaɗai ba ne. Phénergan da Polaramine da ake sha don mura ko ƙaiƙayi su ma suna sa maye, haka tramol. Maganin hawan jininta kuma yakan sa jiri in ta miƙe da sauri. In sun haɗu a ciki ɗaya, haɗarin ya ƙaru.

Ban ƙwace sauran ƙwayoyin daga hannunta ba, kai ma kada ka kira ka ce ta watsar. Wanda ya daɗe yana sha, in ya yanke rana ɗaya, zai iya shiga rawar jiki da firgici, har da farfaɗiya. Zan tattara duk abin da take sha cikin leda ɗaya, har jiƙe-jiƙen, in kai ta babban asibiti likita ya tsara yadda za a rage a hankali.

Shi rashin barcin ma, a duba tushensa. Barcin tsoho dama ba nauyi gare shi ba. Inna tana cin goro har bayan isha'i, tana shan shayi da dare, ƙailularta takan kai la'asar, ga ciwon gwiwa. Waɗannan za mu fara taɓawa.

In kana son taimaka mata, aiko da fitila mai caji, da takalmi mai kama ƙasa maimakon silifan nan masu santsi, da kuɗin da magini zai rage tsawon dokin ƙofa, ya kafa ƙarfen dafawa a makewayi. Ƙanwarka za ta riƙa kwana a ɗakinta. Ka kuma yawaita kiranta da yamma, hirarka tana kwantar mata da hankali.

Mahaifiyarka tana gaishe ku. Ka gaida mai ɗakinka da yara.

Mahaifinka.