Baƙin hayaƙi ba ƙarfin inji ba ne

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana masu gyaran injin gas, wato dizal, da kuma direbobin manyan motoci.

Makon jiya wani direban tifa ya shigo garejinmu ya ce, "Oga, a buɗe mata famfo, ba ta jan hawa." Nufinsa a ƙara yawan man da famfon mai ke tura wa inji. Na ce ya taka totur in gani. Hayaƙin da salansa ta turo sai da ya sa mai shayin gefenmu ya rufe tukunyarsa. Man da ake ba ta ma ta kasa ƙonewa, shi kuwa ƙari yake nema. Da muka ciro nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, biyu cikin shida tsiyaya suke maimakon feshi, matatar iska kuma ƙurar hunturu ta toshe ta.

Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500, sai a fesa mai ya kama da kansa. Tsakanin shigar man da kamawarsa akwai ɗan jinkiri da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a nan rigimar take. In an fesa da wuri, man ya taru ya tashi gaba ɗaya, ka ji inji na bugu kamar maƙera. In an makara, fistin ya riga ya yi ƙasa, zafin ya bi salansa, kuɗin mai mota ya bi iska.

Injin da Rudolf Diesel ya gwada a Augsburg ta Jamus a 1897, kashi 26 cikin 100 na ƙarfin man yake mayarwa aiki. Yau injinan manyan jiragen ruwa sun wuce kashi 50. Ba ɗura mai ya kai su nan ba. Injiniyoyi kan zana silinda a kwamfuta, su lissafa yadda man ke tarwatsewa, inda yake haɗuwa da iska, inda wuta ke fara ci, tun kafin a narka ƙarfe. Irin wannan lissafin, haɗe da gwaji, shi ake zuba wa ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Tun da tsarin kwaman rel ya fito, wato bututu ɗaya mai riƙe mai a matse yana raba wa duk nozul, na Denso a 1995 da na Bosch a 1997, nozul kan yi feshi fiye da sau ɗaya kafin fistin ya gama sauka: ɗan kaɗan ya share fage, sannan babban ya biyo. Shi ya sa sababbin motoci ba su da kwaramniyar tsofaffin manyan motocin Marsandi 911.

Aikin kuwa gaba kura baya sayaki ne. Wuta ta yi zafi da yawa, ta haifar da iskar da ke cin huhu. A rage zafin, kunkunniya ta yi yawa. Don haka aka sa bawul mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji don daidaita zafin wutar. Mu kuma da ya ba mu wahala sai mu toshe shi, mu cire sansa, wato na'urar da ke kai wa ƙwaƙwalwar mota labari, mu liƙe fitilar gargaɗi da salatif. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, don ba wanda ya koya mini wata hanyar. Ga man bumburutu da aka tsarma da kananzir, wanda ba shi da maiƙon da famfo ke buƙata.

Roƙona, kwalejojin fasaha su buɗe mana ajin yamma da Hausa, a koya mana karanta na'urar binciken mota. Ƙungiyoyinmu kuma su haɗa kuɗi su sayi injin gwada nozul ko da guda ɗaya ne a kowace kasuwar gyara.

Direban nan dai na canza masa nozul biyu da matata, ban taɓa famfo ba. Motar ta ja hawa lafiya, amma ya tafi yana ƙunƙuni wai tunda ba ta hayaƙi, lalle na rage mata wani abu.

Naka,
Wani bakaniken injin gas, Ƙofar Ruwa, Kano