Bauta ba ta ƙare a ƙasar nan ranar da Turawa suka ci Sakkwato ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in gyara wasu maganganu biyu da suka zauna daram a bakin ɗalibanmu, har da wasu malamansu. Ta farko, wai cinikin bayi lamari ne na mutanen bakin teku, mu nan Kabi da Zamfara sai dai labari. Ta biyu, wai Turawa na cin Sakkwato a 1903 suka ce kowane bawa ya kama gabansa, magana ta ƙare. Duka biyun ba haka ba ne, amma ta biyun ta fi ɓarna, domin ta binne wahalar mutanen da suka sayi kansu da guminsu.

Ta farkon ba ta da wuyar warwarewa. Cikin mutum wajen miliyan 12.5 da aka loda a jiragen ruwa zuwa nahiyar Amurka, kimanin miliyan 10.7 ne suka sauka da rai, kuma akwai Hausawa a cikinsu. Yawancinsu an kama su ne a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan fara jihadi a 1804, aka bi da su ta Nufe, aka ƙetare Kwara zuwa ƙasar Oyo, daga can sai Ikko ko Badagiri ko Porto-Novo. Ingila ta hana mutanenta wannan ciniki a 1807, amma Barazil ba ta rufe ƙofarta ba sai 1850, shi ya sa aka fi kwasar Hausawa bayan dokar Ingilar. A Bahiya ta Barazil an kama Hausawa da shirin tawaye a 1807, suka tashi a 1809 da 1814, kuma suna cikin Musulmin da suka yi boren birnin Salbado a watan azumi na 1835, inda aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Hanyar hamada kuwa, ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus, ta girmi ta teku da ɗaruruwan shekaru.

Malamanmu ba su yi shiru ba. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba hujjar bautar da mutum ba ce, ya lissafa ƙasashe irin su Kano da Katsina da Barno a matsayin na Musulmi da ba ya halatta a mallaki 'ya'yansu. Kada mu manta kuma cewa ɗaya daga cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi a nan ƙasar Kabi ya faru: mayaƙan Gobir suka faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, suka ɗaure jama'arsa, da suka biyo ta kusa da Degel mutanen Shehu suka kwance su. Sai dai kariyar nan ta ɗa Musulmi ce kawai, kuma a fagen fama mai doki da mashi ne yake yanke wane ne Musulmi. Gwandu da Argungu sun shafe shekaru suna gwabzawa, kowane ɓangare na kama na ɗayan. Nufe na aiko wa Gwandu gaisuwa har da bayi. Hare-haren Kwantagora, zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun kwashe Kambari da Dukawa da maƙwabtansu har garuruwa suka zama kufai. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a 1900 bayin da ke Daular Usmaniyya sun kai tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2.5.

Kafin a gane yadda abin ya mutu, sai an san yadda yake tafiya. Bawan gona yana zaune a rinji, wato ƙauyen bayi, yana noman gandun ubangijinsa, a wurare da dama daga hantsi zuwa azahar, sauran yinin kuma ya duƙa a 'yar gayaunarsa. Wanda ya iya sana'a, saƙa ko rini ko jima ko dako, yakan nemi a sa masa murgu, wato a sake shi ya nema, yana kawo wani ƙayyadadden kuɗi lokaci-lokaci. A lura da kyau, murgu daban, fansa daban. Ko shekara ashirin ya yi yana kai murgu, ba a rage masa ko wuri ɗaya daga kuɗin fansarsa. Wannan sai ya tara a gefe. Cucanawa, waɗanda aka haifa a gidan, al'ada ta ƙi a kai su kasuwa, ko da yake bashi da yunwa sukan karya al'ada. Ƙwarƙwara idan ta haihu da ubangijinta ɗanta ɗa ne, ba a sayar da ita, kuma tana samun 'yanci ranar da ya rasu. Bayin sarki kuwa wani sha'ani ne, wasunsu sun fi 'ya'ya da yawa iko.

To, me Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa a lokacin, ya yi? Dokarsa ta 1901 abu uku ta ƙunsa. Ta haramta hari da saye da sayarwa. Ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne. Sannan ta soke matsayin bauta a gaban kotun Bature, ma'ana ubangiji ba zai kai ƙara wurin Razdan a dawo masa da bawan da ya gudu ba. Abin da ba ta yi ba shi ne ta ce mallakar bawa laifi ce. Da gangan aka bar wannan giɓin. Lugga ba shi da mutane ko kuɗin da zai riƙe ƙasa ba tare da sarakuna ba, su kuma arzikinsu yana rinji. Saboda haka aka buɗe ƙofa a takarda, aka tokare ta a aikace. Wanda ya gudu ba a ba shi gona a inda ya sauka, ana iya kama shi da laifin zaman banza, ga kuma haraji da dole ya nemo. Duk da haka an ƙiyasta mutum wajen 200,000 sun tsere a shekarun farko na mulkin Turawa. Da yawa daga cikin waɗanda suka taru a Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi wa Turawa tawaye, gudaddun bayi ne, kuma yadda aka ragargaza garin a Maris 1906 ya isa gargaɗi ga saura.

Hanyar da hukuma ta yarda da ita ita ce ta alƙali. Bawa ya je kotu ya nemi fansa, a kira ubangiji, a yanka kuɗi, a ba shi damar nema yana biya kaɗan-kaɗan, in ya cika a rubuta masa takardar 'yanci. Fiye da mutum 100,000 ne suka fita ta wannan hanya kafin 1930. Ku dubi bambancin: da Ingila ta soke bauta a yankunanta da dokar 1833, baitulmalinta ne ya biya iyayengiji fam miliyan 20. A nan bawan ne da kansa ya biya.

Wuraren da tsarin ya cuci mutane a fili suke. Babu rajistar haihuwa, to yaya yaro zai tabbatar bayan Afrilu 1901 aka haife shi? Sai ƙiyasin alƙali da shaidar mutanen da sau da yawa a inuwar ubangijin suke ci. Wanda ya gama biya kuma bai da ƙasa, sai ya ci gaba da noma a inda yake, yana kai gaisuwa kamar da. Mata su suka fi shan wuya. Hukuma ta ɗauki zancensu zancen aure, ta bar wa alƙalai, sai ya zama namiji ya biya kuɗin "fansar" yarinya ya kai ta ɗakinsa, wanda a gaskiya saye ne aka sauya wa suna. Fataucin yara a ɓoye, musamman daga wajen Adamawa da Kamaru, ya ci gaba har shekarun 1920. Sai a 1936, shekara goma bayan yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1926 kan bauta, aka yi dokar da ta ce kowa ɗa ne a Arewa. Shekara 33 ke nan bayan faɗuwar Sakkwato. Wanda ke ganin zancen ya tsufa ya tuna cewa a 2008 kotun ECOWAS ta kama gwamnatin Nijar da laifin kasa kare Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙonni, nan bakin iyakarmu. A gida kuma, har gobe ana fasa aure a wasu gidaje da an ce "a bincika asali", alhali kowa ya san abin da ake nufi.

Roƙona ga hukumomin ilimi na Kabi da Zamfara shi ne, tunda an dawo da darasin tarihi makarantu, a sa dokokin 1901 da 1936 da murgu da fansa a cikinsa, kada a tsaya kan jiragen ruwa kaɗai. Sassan tarihi na jami'o'in Birnin Kebbi da Gusau da Sakkwato su tura ɗalibai Gidan Adana Takardu na Ƙasa da ke Kaduna da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, su kwafo abin da ya rage na rahotannin lardin Sakkwato da rajistar fansa: shekara, jinsi, garin asali, kuɗin da aka yanka, da wanda ya biya. Wajen bugawa a cire sunayen mutane a bar alƙaluma, domin jikokinsu suna nan da rai. A kuma ɗauki muryar tsofaffin ƙauyukan da har yanzu ake kira Rinji ko Runji, da yardarsu, tun waɗanda suka ji daga bakin kakanninsu ba su ƙare ba.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Birnin Kebbi